Ta yaya ake zama alƙalin bikin finafinai, kuma ana cin abinci da shi?

Editan Agege

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni mai tace hoto ne, wato editan fim, a nan Agege, ina kuma taɓa rubuta sharhin fim a Facebook. Duk shekara idan bikin finafinai na AFRIFF ko gasar kyaututtuka ta AMVCA ta matso sai a saki hotunan wasu mutane a ce su ne alƙalai: wannan darakta, wancan ɗan jarida, waccan malamar jami'a. To wa yake zaɓo su? Fom ake cikewa ko kiran mutum ake yi? Ana tambayar takardar makaranta? Kuma don Allah a faɗa mini gaskiya, ana cin abinci da aikin ko suna ne kawai? Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne finafinan Hausa suna shiga irin waɗannan gasa, amma da wuya in ga mai jin Hausa a teburin hukunci. Manyanmu a taimaka.

Malam Mai Sharhi, Yaba

Wa alaikumus salam ƙanena. Bari in fara da abin da ba za ka so ji ba: babu sana'ar da ake kira alƙalancin fim. Kujera ce ake ara maka ta kwana biyar ko mako biyu saboda wani aiki da aka riga aka san ka da shi, a tashi daga biki ka koma bakin aikinka. Daraktan biki da masu tsara jadawalinsa ne suke zama su ce wane da wance za mu gayyata bana, su aiko da wasiƙa. Ba a tambayar digiri.

Amma fara rarrabe mutanen tukuna, don waɗanda kake gani a fosta su ne na ƙarshe a layi. Idan aka turo fim, yawanci ta FilmFreeway, shafin intanet da ake tura wa bukukuwa fim ta cikinsa, ma'aikacin biki ne zai fara duba ko ya cika ƙa'ida: shekarar da aka gama shi, tsawonsa, ko an taɓa haska shi a ƙasar, ko yana da fassarar Turanci a ƙasan allo. Wanda ya tsallake sai ya faɗa hannun masu tantancewa, mutanen da suke zama a gida su kalli finafinai bila adadin, su ba kowanne maki da bayanin layi biyar ko shida. Daga rahotonsu masu tsara jadawali suke tsamo abin da za a haska. Sai a ƙarshe a miƙa wa alƙalai fim takwas ko goma sha biyu a ce su fitar da zakara. Ka ga ke nan mafi yawan hukuncin an yanke shi tun kafin alƙali ya zauna, kuma fim ɗin Hausa da ya faɗi, galibi a matakin tantancewa ya faɗi, inda babu mai ɗaukar hoton kowa. Nan ce ƙofar da irinka zai bi, kuma nan aka fi buƙatar ka.

Dubi yadda waɗanda aka sani suka hau. Dakta Shaibu Husseini ɗan jarida ne da ya daɗe yana rubutu kan fim a jaridar Guardian a nan Legas, ya yi shekaru yana jagorantar kwamitin tantancewa na AMAA, gasar finafinan Afirka da marigayiya Peace Anyiam-Osigwe ta kafa a 2005, kafin a 2024 a ba shi shugabancin hukumar tace finafinai ta ƙasa. Steve Ayorinde daga aikin jarida ya shiga kwamitin alƙalan AMAA, daga baya ya yi kwamishina a jihar Legas. Femi Odugbemi kuwa ta ɓangaren shirya fim ya biyo: tallace-tallace, shirye-shiryen talabijin, finafinan gaskiya, yana cikin waɗanda suka kafa bikin finafinan gaskiya na iREP da aka daɗe ana yi a Freedom Park a nan Legas, ya shugabanci alƙalan AMVCA ba sau ɗaya ba, a 2018 kuma aka gayyace shi cikin masu kaɗa ƙuri'ar Oscar. Babu ɗaya a cikinsu da ya fara da kujerar alƙali.

A waje hanyar daraktoci ta fi miƙewa: ka kai fim ya yi nasara, bikin ya dawo da kai ka yi wa na bayanka hukunci. Mahamat-Saleh Haroun na Chadi ya karɓi kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2010, a 2011 yana zaune cikin alƙalan. Darakta Mati Diop ta karɓi kyautar da ke bin ta ɗaya a can a 2019, a 2021 ita ma ta zauna.

Mai sharhi yana da tasa hanyar, kuma a nan ne kaɗai ake neman kujera da kai. Ƙungiyar masu sharhin fim ta duniya, FIPRESCI, tana tura nata alƙalan daban zuwa bukukuwa su ba da tasu kyautar, kuma mambobinta ne suke nema a tura su. Afirka ma tana da tarayyar masu sharhi da aka kafa a Tunis a 2004, mai shafin Africiné, tana ba da kyauta a FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu. Ga matasa akwai Talent Press a bikin Berlin da na Durban, inda ake ɗaukar sabbin masu sharhi a haɗa su da gogaggu su yi rubutu kullum har a tashi. Dukkansu abu ɗaya za su ce ka kawo: rubuce-rubucen da aka buga maka.

Kuma a nan zan ɗan tsikare ka. Ka rubuta "wannan fim ya haɗu, jaruma ta yi ƙoƙari" a Facebook, wannan ba sharhi ba ne, gaisuwa ce. Ka riƙa fitar da sharhi ɗaya mai kalma 600 zuwa 800 duk mako biyu, a wurin da akwai edita mai iya dawo maka da shi ya ce gyara. Mujallar Fim tun 1999 take wannan fage da Hausa, ka kuma karanta nazarce-nazarcen Farfesa Abdalla Uba Adamu kan finafinan Hausa ka ga yadda ake kafa hujja. Ka yi da Hausa, ka yi da Turanci, don masu gayyata Turancin suke karantawa. Idan ka tara goma masu kyau, ka rubuta wa bukukuwan Legas, AFRIFF da iREP da S16 da Eko International Film Festival, wata huɗu ko biyar kafin lokacinsu, ka ce kai edita ne mai jin Hausa, kana son taimakawa a tantancewa. Kada ka ce kana son alƙalanci.

Hajiya Furodusa, Surulere

Malam ya gama da hanyar shiga. Ni bari in gaya maka abin da ke cikin ɗakin, don mutane suna zaton jan kafet ne da ɗaukar hoto.

Kafin ka ga fim ko ɗaya za a ba ka takarda ka sa hannu. Abu biyu ne a ciki: ba za ka faɗi abin da aka tattauna ba, kuma za ka bayyana duk wata alaƙa da ke tsakaninka da finafinan gasar. Daga ranar bakinka ya mutu. Ba ka rubuta komai a Facebook ko X, ba ka ba fim tauraro a Letterboxd, shafin da 'yan kallo suke ba finafinai maki, ba ka bari furodusan da ke cikin gasa ya saya maka ko ruwan leda. Idan darakta ya tare ka a bakin sinima ya ce "yaya ka gani?", ka ce masa Allah ya sa albarka, ka wuce.

Sai lissafin lokaci. A ce fim 12, kowanne minti 100: awa 20 ke nan. A kwana biyar awa huɗu kullum, ban da zaman tattaunawa, ban da hanya. Kuma kowane fim sai ka gan shi daga farko har sunayen ƙarshe. Alƙalin da ya makara da minti 15 bai ga fim ɗin ba, dole a sake haska masa ko a ba shi a kwamfuta, in ba haka ba babu ƙuri'arsa a kai. Wannan ya shafe ka kai tsaye, don yawancin waɗannan bukukuwa a tsibiri ake yin su, Victoria Island da Ikoyi da Lekki. Masu biki sukan ɗauka tunda kai ɗan Legas ne ba ka buƙatar otal. Wanda zai taso daga Agege ya haye gadar Third Mainland don fim ɗin ƙarfe goma na safe, ya kuma tsaya na ƙarfe takwas na dare, a rana ta uku barci zai yi a kujera. Ka nemi ɗaki ko mota tun a wasiƙar amsa gayyata, kafin a rufe kasafi.

Ka shiga da ɗan littafi da biro, ba waya ba, haskenta yana damun na kusa. Ka koyi rubutu a duhu. Da an kunna fitila, kafin ka yi magana da kowa, ka rubuta layi biyar: me fim ɗin ya so yi, ya yi ko bai yi ba, wace fitowa ce ta tsaya maka a rai, a ina ya saki, wa ya cancanci a tuna da shi a ciki. In ba ka yi haka ba, ranar hukunci fim ɗin jiya da daddare ne kawai zai kasance sabo a kanka, na ranar farko duk sun cakuɗe. Wannan ita ce cutar da ta fi kama sababbin alƙalai.

Takardar maki kan zo da gidaje: labari, ba da umarni, wasan 'yan wasa, ɗaukar hoto, tacewa, sauti, kowanne daga 1 zuwa 10. Tana da amfani, amma kada ka ɗauke ta kamar ta alƙalin musabaƙa, wanda yake farawa da cikakken maki yana zaftarewa duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe. Idan ka bi fim da wannan awo, wanda bai yi kuskure ba kuma bai yi komai ba shi zai ci, wanda ya yi ƙundunbala ya kawo sabon abu ya ɗan yi tangal-tangal a tsakiya ya sha ƙasa. Ga kuma bambancin hannu: wani alƙalin ba ya wuce 6 ko da fim ya burge shi, wani kuwa 8 ne mafi ƙanƙantar abin da yake bayarwa. In aka tara makin haka nan, mai sakin hannu shi kaɗai ya yanke hukunci. Shi ya sa shugaba mai wayo yake cewa kowa ya jera finafinan daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a bar maganar maki.

Ranar hukunci ana kulle ƙofa, da wakilin biki guda a gefe wanda ba ya ƙuri'a, aikinsa tuna muku ƙa'ida. Yawan alƙalai kan zama mara, uku ko biyar a ƙananan bukukuwa, Cannes ta saba da tara, don kada a yi kunnen doki. Tsarin da ya fi lafiya shi ne kowa ya rubuta ukunsa na farko a takarda kafin kowa ya buɗe baki. Dalili kuwa mu nan mun san shi: idan dattijon da ke ɗakin ya fara cewa ga wanda ya fi, yaron da ke gefe ba zai iya musa masa ba, sai ya ce "haka ne, ranka ya daɗe" alhali ba haka ya gani ba.

Ga inda lissafi yake cin mutane. Alƙalai biyar, na ɗaya maki 3, na biyu 2, na uku 1. Fim ɗin farko mutum biyu sun mutu a kansa sun sa shi na ɗaya, sauran ukun ko ambatonsa ba su yi ba: maki 6. Wani fim kuma kowa ya sa shi na biyu: maki 10. A takarda na biyun ya yi nasara, alhali babu mutum ɗaya a ɗakin da yake ganin shi ne ya fi. Don haka a yi amfani da lissafin a rage finafinai zuwa uku kawai, daga nan a ajiye biro a yi muhawara, kowa ya kawo fitowar da yake kafa hujja da ita, sannan a ɗaga hannu. In an cije, ƙuri'ar shugaba ta raba gardama, idan ƙa'idar bikin ta ba shi wannan dama. Ka karanta ƙa'idar tun kafin ranar. A Cannes, misali, fim ɗin da ya ɗauki babbar kyauta ba a haɗa masa da wata, kuma hakan yana canja yadda ake rabon sauran.

Wata matsalar ita ce son a faranta wa kowa: an ba Najeriya wannan, to a ba Ghana wancan, kada baƙi su koma hannu rabbana. Wata kuma a ba fim kyauta don maganar da ya ɗauko tana da nauyi, fyaɗe ko gudun hijira ko almajiranci, ba don ya iya faɗinta ba. Duk wanda ya zauna a irin ɗakin ya san waɗannan biyun.

Bayan an gama sai ku rubuta dalilin kyautar, kalma 40 zuwa 60 da za a karanta a dandamali, kowa ya sa hannu, a rufe ambulan. Kuma a yi wa mai sanarwa bita. A 2021 darakta Spike Lee na Amurka, yana shugaban alƙalan Cannes, ya yi suɓutar baki ya faɗi wanda ya ci babbar kyauta tun a farkon taro.

Kuɗi kuwa: tikiti, masauki, abinci, wani lokaci ɗan abin sa wa a aljihu. Wasu bukukuwan suna ba da ɗan hasafi, da yawa ba sa ba da ko sisi. Kai da ake biyanka a kan kowane aikin tacewa, ka lissafa mako guda da za ka rufe kwamfuta. Ribar tana zuwa ne ta bayan gida: a kira ka koyarwa a bita, a ba ka karatun labaran masu neman tallafi, a ɗauke ka tsara jadawali, ko furodusan da ya ji yadda kake warware fim ya kawo maka aiki.

Mai Sauti, Idi-Araba

Editan Agege, tunda ta tantancewa za ka fara, a gida za ka yi kallo, kuma nan ake zaluntar finafinai ba da niyya ba.

Kada ka yanke wa fim hukunci a waya. Allon da bai gaza na laftof ba, ɗaki mai duhu, da abin ji na kunne mai rufe kunnen duka. Lasifikar laftof ba ta fitar da ƙasan sauti, sai ka rubuta "sauti ba nauyi" alhali na'urarka ce. Idan a talabijin za ka kalla, ka shiga saiti ka kashe abin nan da ke sa motsi ya yi santsi, ka mayar da hoton yanayin sinima, in ba haka ba fim ɗin da aka ɗauka a firem 24, wato hoto 24 a kowace daƙiƙa, zai koma kamar shirin labarai. Ka duba cewa Vimeo, shafin bidiyon da kake kallo a kai, ba ta sauke ingancin hoton zuwa 360 ba saboda raunin intanet, don fitowar dare ita ce ta farko da take dagulewa, ka zargi mai ɗaukar hoto a banza. Ka tanadi data kamar giga 2 zuwa 3 a kowace awa in kana kallo a 1080. Ka kuma yi cajin komai kafin ka fara. Fim ɗin da wuta ta yanke maka sau uku ba za ka iya cewa komai a kan tafiyarsa ba.

A sinima kuma DCP ake haskawa, wato kwafin fim na musamman da ake yi don na'urar sinima. In ka ji kiɗa da ƙarar mota suna tashi amma magana ta nutse, kafin ka ɗora wa fim laifi ka sa a tambayi mai haskawa, don a tsarin sauti na 5.1, mai lasifika shida, magana ta lasifikar tsakiya take fita, in ita ce ta mutu ko aka haɗa waya ba daidai ba haka za a ji. Alƙali yana da haƙƙin ya ce a sake haskawa.

Yanzu maganar da ta dame ka, ta finafinanmu. Alƙalin da ba ya jin Hausa ba fim ɗin yake yi wa hukunci ba, fassarar ƙasan allo yake yi wa. Ƙa'idarta sananniya ce: layi biyu, kowanne kada ya wuce harafi 42, ya tsaya a allo daga daƙiƙa ɗaya zuwa shida ko bakwai. Namu sau da yawa layi uku ne a cunkushe, su ɓace kafin a karanta rabi. Wani lokacin an yi fassarar a kan kwafin firem 25 aka ɗora a na 24, sai ta riƙa zamewa a hankali, kafin awa guda ta yi nisan kusan minti biyu da rabi da bakin mai magana. Kai edita ne, ka san wannan gyaran minti goma ne, amma ya isa ya kayar da fim.

Ko fassarar ta zauna daidai, akwai abin da ba ta ɗauka. Matar da ba ta kiran sunan mijinta, uwar da take kawar da kai daga ɗan farinta, baƙo zai rubuta "babu shaƙuwa tsakanin 'yan wasan", bai san alkunya yake kallo ba. Bafulatani da Babarbare suna yi wa juna tsiya, ko taubasai, a fassara sai ya fito kamar zagi. Habaicin kishiya ya koma magana a miƙe. Wanda aka sa ya yi Sakkwatanci don a nuna daga inda ya fito, a Turanci shi da Bakano duk ɗaya ne. Amfanin mai jin harshen a ɗakin ke nan: ya ce ku tsaya, ga abin da ya faru a wannan fitowar. Amma iyakarsa ke nan. In ka zama lauyan duk fim ɗin da aka yi da Hausa, har da wanda aka cusa wa waƙa uku ba dalili, daga rana ta biyu babu mai sauraron ka.

Harshe kuma har da agogo ake auna shi. A 2019 an cire fim ɗin Najeriya Lionheart daga rukunin finafinan ƙasashen waje na Oscar saboda ƙa'ida ta ce fiye da rabin maganar ya zama ba Turanci ba, shi kuwa Ibon da ke cikinsa bai kai minti 12 ba a fim mai minti 95. Bayan nan kwamitin Najeriya ya tura The Milkmaid, daga baya kuma Mai Martaba, duka da Hausa a cikinsu. Wato buƙatar mai jin Hausa a irin waɗannan kwamitoci ba alfarma ba ce.

Editan Agege

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya, da yayana Mai Sauti. Saura biyu. Idan fim ɗin da na tace ya shigo bikin da nake tantancewa fa? Sannan akwai wani biki a intanet da ya turo mini saƙo wai in biya dala 50 a sa ni cikin alƙalansu, har da takardar shaida.

Hajiya Furodusa, Surulere

Na biyun kada ka ko amsa musu. Alƙali ba ya biya. Irin waɗannan suna ba da kyauta duk wata, ba su da zauren da suke haska fim, abin da suke sayarwa shi ne tambarin ganyen nan da ake liƙawa a fosta. Sa sunansu a takardar tarihin aikinka rage maka daraja zai yi wurin waɗanda suka san harkar. Kafin ka yarda da kowane biki ka duba abu uku: a wane zaure aka yi na bara, su wa suka yi alƙalanci, kuma akwai hoton 'yan kallo a zaune?

Na farkon kuwa, ka rubuta wa mai kula da ku a ranar da ka ga sunan fim ɗin, a rubuce ba a waya ba. A matakin tantancewa sauƙi ne, sai a ba wani. A matakin alƙalanci ya danganta: wani bikin zai ce ka fita daga ɗaki idan an zo kansa, wani zai canja maka rukuni, wani ya ce ka haƙura sai baɗi. Ni ina ganin fita daga ɗaki bai wadatar ba, don wanda ya fita a kan fim ɗinsa yana iya dawowa ya danne abokin karawarsa. Canja rukuni ya fi tsabta. Kuma alaƙa ba sai aikin da ka yi a fim ɗin ba: maigidanka ne ya shirya, ko kana bin furodusan bashi, ko kuna da aiki tare wata mai zuwa, duk ka faɗa. Masana'antar ƙarama ce, za a ji.

Darakta, Mile 12

Duk na yarda, sai abu ɗaya. Malam ya nuna kamar mai sharhi da mai yin fim daidai suke a wannan kujera. Wanda bai taɓa tsayawa a lokeshan rana tana faɗuwa, janareta ya ƙi tashi, saura fitowa uku ba, bai san abin da yake yi wa hukunci ba. A bar wa masu yi su auna masu yi.

Malam Mai Sharhi, Yaba

Darakta, Allah ya ja zamaninka, ɗan kallo da ya sayi tikiti bai ga janareta ba, abin da ke allo ya gani, kuma shi ake ba kyauta. Ku ma kuna da taku cutar: darakta a kujerar alƙali yakan auna fim da wanda shi zai yi da an ba shi labarin, ya ce "da ni ne da daga nan zan ɗauka". Mu kuma tamu ita ce son abin da zai yi daɗin rubutu, da raina fim ɗin da ya sa zaure dariya. Shi ya sa biki mai hankali yake gauraya su: darakta, ɗan wasa, mai sharhi, mai tsara jadawali, da mutum ɗaya na ɓangaren fasaha. Inda nake ba ka gaskiya shi ne kyaututtukan fasaha. Kyautar tacewa ko ta sauti, in babu wanda ya taɓa yin aikin a ɗakin, sai a ba fim ɗin da ya fi yawan yanka ko ya fi ƙara, don shi ne aikin da ake iya gani.

Editan Agege, wannan ma wata dama ce gare ka, editoci ba su da yawa a waɗannan kwamitoci. A wasiƙar da za ka tura ka sa finafinai uku da ka tace, da sharhi uku mafi kyau, ɗaya a cikinsu ya zama kan gajeren fim, don gajerun finafinai ake fara ba sabon mai tantancewa. AFRIFF a Nuwamba ta saba yi, iREP a Maris, sai ka ƙirga baya ka san watan da za ka rubuta wa kowanne.